Yadda Ake Shirya Tafiyar Buɗe Ido da Kuɗi Kaɗan Daga Karkarar Kano da Jigawa

A ƙauyukanmu tafiya ba baƙon abu ba ce. Da zarar an girbe dawa an ɗaure damma an kai rumbu, matasa kan saɓa jaka su nufi Kano ko Legas ko Fatakwal cin rani, wasu kuma su riƙa bin kasuwannin mako da awaki da buhunan riɗi. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne mutum ya bar gida don kawai ya hau dutse, ko ya shiga kwalekwale ya kalli tsuntsaye, ko ya kwana a dajin da giwaye ke kiwo, domin da yawa suna ganin wannan sha'ani ne na Turawa da manyan ma'aikata masu motar kansu. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, kuma da ɗan albashina da abin da gona ke bayarwa nake fita sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Kuɗin matafiyi ta kafa uku suke zurarewa, wato mota da makwanci da ciki, kuma kowace daga cikinsu mutumin karkara yana da dabarar toshe ta wadda ɗan birni ba shi da ita. Ga tsarin da nake bi, daki-daki.

Zaɓen wuri

Mataki na farko shi ne ka zaɓi wuri gwargwadon kwanakin da gona da aiki za su bar maka, kuma ka fara da na kusa. Idan yini ɗaya kake da shi, madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, wadda aikinta ya gudana zamanin Gwamna Audu Bako, da duwatsun Rano da ke kusa da ita sun ishi mutumin kudancin Kano, kamar yadda tsaunukan Kazaure da Roni suka ishi na arewa. Mutumin yankin Gaya ko Jahun kuma yana iya sammako ya tafi Dutse, ya hau zuwa Garu inda tsohuwar fadar sarki take a tsakanin duwatsu, ya dawo gida kafin magariba da ledar dabino a hannu.

Mai kwana biyu ko uku yana da zaɓi biyu da nake fifitawa. Na farko shi ne Birnin Kudu, inda ake da tsofaffin zane-zanen shanu a jikin kogunan dutse irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda suke ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A nan ne kuma wani Bature masanin kayan tarihi mai suna Bernard Fagg ya yi nazarin duwatsun kiɗa a 1955, wato duwatsun da in an ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse suke amo kamar ƙararrawa. Na biyu shi ne dausayin Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta ƙasar Haɗeja, wanda aka sanya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008, kuma tsuntsaye ke zuwa masa tun daga Turai don su yi hunturu. A ganina wanda bai taɓa irin wannan fita ba ya fara da Birnin Kudu, saboda garin yana bakin babban titin Kano zuwa Bauchi, mota ba ta yankewa, kuma ko lissafi ya ƙwace masa komawa gida ba za ta gagara ba.

Babbar tafiya ita ce Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, dajin da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, inda maɓuɓɓugar Wikki take fitar da ruwa mai ɗumin digiri 31 dare da rana. Wannan tana cin kwana huɗu ko biyar, kuma ba ta mutum ɗaya ba ce in ana neman sauƙi, domin daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar kimanin kilomita 40 a cikin daji, ba kasafai ake samun motar haya mai lodi ba, sai shata. Ka ajiye ta sai ka yi ƙanana biyu ko uku ka san halin aljihunka da halin abokan tafiyarka.

Lokaci da ranar kasuwa

Mataki na biyu shi ne tsayar da lokaci, kuma a nan ne mafi yawan rangwamen yake ɓoye. Damina ba ta wannan harka ba ce: gona tana neman ka, hanyoyin fadama sun cika da ruwa, dutse yana santsi, ciyawa kuma ta rufe macizai. Mafi dacewa shi ne daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen hunturu, lokacin da akwai ɗan kuɗin amfanin gona a hannu kuma rana ba ta yi zafin bazara ba. Tsuntsayen Baturiya sun fi yawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Dabbobin Yankari kuwa sun fi ganuwa idan rani ya yi nisa ciyawa ta bushe, saboda ƙishirwa tana tara su a bakin Kogin Gaji. Ka kauce wa makon Sallah da ƙarshen Disamba, domin a lokutan nan kuɗin mota yakan tashi, ɗakunan kwana kuma su yi wuya.

Bayan wata, sai rana. Duk ƙauyen da ba ya bakin kwalta, ranar kasuwarsa ko ta babbar kasuwar da ke kusa da shi ce ranar da mota take isa gare shi da araha, saboda motocin kasuwa da a-kori-kura suna kai-kawo tun asuba, kuma direban da ya sauke kaya ya fi son ya ɗauki fasinja a kan rabin kuɗi da ya koma fayau. Saboda haka sai ka jera tafiyarka a kan kasuwanni: Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Gujungu da Ɗambatta ranar Lahadi, sauran kuma ka tambayi 'yan kasuwar garinku, don sun haddace su kamar karatun allo. Kasuwar ma kanta abin kallo ce. Wanda bai taɓa tsayawa a karar Maigatari ya ga raƙuma da shanun da aka koro daga Nijar ba, ya yi asarar kallon da ba a biyan ko sisi.

Na koyi wannan darasi da tsada. Wata shekara na shiga wani ƙauyen fadama da yammacin ranar kasuwarsu a bayan motar buhunan shinkafa, na biya abin da bai taka kara ya karya ba, na kwana ina yabon dabarata. Da gari ya waye na fito bakin tsamiyar da motoci ke tsayawa, ban tarar da komai ba sai ɓawon rake da wani tsoho yana tufkar igiya. Da na tambaye shi mota, sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, ai sai wani makon in Allah ya kai mu." Ƙarshenta shatar babur na yi zuwa bakin titi, a kan kuɗin da ya ninka na zuwana sau biyar. Tun daga ranar, kafin in tambayi yadda ake shiga gari sai na fara tambayar yadda ake fita.

Lissafi

Mataki na uku shi ne ka ɗauki takarda da biro ka je tasha da ƙafarka, ko ka buga wa wanda ya bi hanyar a cikin makon, domin kuɗin mota yana bin farashin mai, kuma abin da aka biya bara ba hujja ba ne bana. Ka rubuta kowane zango daban: daga ƙauyenku zuwa bakin titi, daga nan zuwa babbar tasha, daga tasha zuwa garin da za ka, sa'annan babur ɗin ƙarshe zuwa gindin dutse ko bakin ruwa. Wannan zango na ƙarshe shi mutane suke mantawa, alhali sau da yawa shi ya fi cin kuɗi in aka auna da gajartarsa. Mai bi ta Kano ya sani cewa motocin Haɗeja da Gumel a Yankaba ake samunsu, na Dutse da Birnin Kudu da Bauchi kuma a Unguwa Uku, don haka kuɗin adaidaita sahu tsakanin tasha da tasha shi ma ya shiga lissafi. Wanda ƙauyensu ke kan hanya kuwa ba shi da dalilin shiga birni ya fito. Ya tari mota a Wudil ko Kwanar Huguma ya rage zango biyu.

Idan ka haɗa jimla, sai ka kasa kuɗin kashi huɗu: na zuwa, na komawa, na ci da kwana da shiga wuri da ɗan jagora, sai na ko-ta-kwana, wanda ni nakan sa shi ya kai sulusin sauran ukun. Kuɗin komawa a naɗe su a leda a sa a aljihun ciki, kuma kada a taɓa su ko da an ga tabarmar kaba mai kyau ko kifin Haɗeja mai araha. Kada kuma ka dogara kacokan da katin banki. Masu POS sun yawaita, gaskiya ne, amma sabis yakan ɗauke a ƙauyen fadama ko bayan dutse, mai kwalekwale kuma tsaba yake karɓa. Ka riƙe ƙananan takardun kuɗi, saboda rashin canji ma wata hanyar asara ce.

Tara kuɗin ba ya bukatar bashi, kuma ban yarda mutum ya ci bashi ko ya taɓa hatsin gida don yawon buɗe ido ba. Adashin mako tun daga farkon damina, ko ɗan akuya da aka ware aka yi kiwonsa don wannan niyya, ko kwanon riɗi da zoɓo da aka keɓe daga abin sayarwa, kowanne yana iya ɗaukar tafiyar kwana uku. Ku kasance mutum uku ko huɗu, domin shatar mota da kuɗin ɗaki da na jagora duk rabawa ake yi. Fiye da haka kuwa sai an sha wahalar samun kujeru a mota ɗaya, kuma nauyi ne a kan mai masauki. Ku naɗa ma'aji ɗaya, kowa ya zuba kasonsa tun a gida, a kuma yi maganar abin da asusun zai biya da wanda ba zai biya ba tun kafin a hau mota, don na ga abota ta yi tsami a kan kuɗin tsire.

Masauki

Mataki na huɗu, wanda ya fi kowanne rage kashe kuɗi, shi ne neman mai masauki kafin a tashi. Da wuya a ce duk garinku babu wanda yake da ɗan'uwa ko suruki ko abokin karatun allo ko abokin ciniki a inda za ka. Ka bi ta wurin liman, da malaman makarantar da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki, da direbobi, da dillalan dabbobi. A buga waya a gabanka a gabatar da kai, ka faɗi ranar zuwanka da yawanku da kwanakin da za ku yi, kuma kada ku wuce abin da kuka faɗa.

Idan babu kowa, sai ka bi hanyar da iyayenmu fatake suka bi, wato ka isa da sauran rana ka nemi ƙofar gidan dagaci ko mai unguwa. Ka cire takalmi a bakin zaure, ka yi sallama, ka durƙusa ka gaisa, sa'annan ka yi bayani a fili: "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne daga ƙasar Ringim, mun zo ganin dutsen nan ne, kwana biyu za mu yi in ka yi mana izini." Ka miƙa katin shaidarka na ɗan ƙasa tun ba a tambaya ba, ka ajiye ɗan goro ko ƙullin dabino. A zamanin nan da tsaro ya taɓarɓare, baƙon da ya zarce bayan gari da jaka a baya yana ɗaukar hoto ba tare da ya gaida kowa ba yana jawo wa kansa tuhumar 'yan banga, kuma ba za a ga laifinsu ba. Wanda ya bi ta hannun mai gari kuwa yakan samu ɗakin baƙi ko shagon samari, a haɗa shi da yaron da zai nuna masa hanya, wani lokaci har da kwanon tuwo da daddare. Kwana a masallaci ba tare da izini ba, wanda a da ba a ɗauke shi komai ba, yanzu garuruwa da yawa sun hana.

Wannan karamci ba otal ɗin kyauta ba ne. Ka zo da tsaraba daga abin da garinku ke da shi, ka sayi sabulu ko sukari ka aika cikin gida, ka sallami yaran da suka ɗebo muku ruwa. A wuri irin Yankari, inda dole a kama ɗaki, sai ka tambayi mafi araha tun kafin ka taso, ku raba kuɗinsa.

Kaya da guzuri

Jaka ɗaya ta goyo ta isa, domin duk abin da ya kai a sa shi a but sai an nemi kuɗin kaya. A ciki a samu kaya kala biyu, rigar sanyi da bargo mara nauyi saboda ɗarin asuba a bakin ruwa ba wasa ba ne, gidan sauro, sallaya, buta, tocila, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, man shafawa saboda kaushin hunturu, da takalmi mai rufi wanda ƙasansa ke kama dutse. Silifas ba ya hawa dutse. Guzuri kuwa daga gida ake yinsa: garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, dakuwa, soyayyiyar gyaɗa, aya, dabino, da gumba in za a samu mai dakawa. Da waɗannan, abinci mai zafi sau ɗaya a yini ya wadatar, kuma a ci shi inda direbobi da 'yan kasuwa suke ci, saboda tukunyar da ake yawan kwashewa ba ta kwana. A ƙara da maganin zazzaɓi da na ciwon kai da bandeji da 'yan ƙunshin gishirin ORS, wanda ake jiƙawa a sha idan gudawa ta kama mutum. In babu shi, ana haɗa lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

A kan hanya da a wurin

Ranar tafiya ka yi sammako ka shiga motar farko, wadda take cika da wuri kuma take isa da rana tsaka. A babbar tasha ka hau mota a cikin tasha, inda 'yan ƙungiyar direbobi suka san direba da lambar motarsa, ko da ta bakin titi ta fi sauƙi da ɗan wani abu. Ka lura da motar da ka tarar kamar ta kusa cika, domin wani lokaci 'yan kamasho ne suke zaune a ciki don jan fasinja, kana biya su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ka tambayi saura mutum nawa kafin ka ba da kuɗi. Tafiyar dare kuwa a yafe ta gaba ɗaya. Hanyar da ta ratsa daji, irin ta Falgore mai zuwa Riruwai da Jos, a tambayi direbobin da suka bi ta a ranar, kuma in mutanen gari suka ce kada a shiga wani wuri, maganar ta ƙare ko da an riga an kashe kuɗin mota. Kafin ka fita ka nemi izinin iyaye, ka bar wa iyali abin cefane, ka rubuta wa wani a gida sunan garin da lambar mai masaukinka da ranar dawowarka, ka kuma ajiye lambar gaggawa ta 112 a waya. Mata masu sha'awar irin wannan fita sun fi samun sauƙi in aka shirya ta a matsayin tafiyar iyali ko ta makaranta, a sauka a gidan dangi. Game da salla, a mazhabar Malikiyya ana kasaru a tafiyar da ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, matuƙar ba a yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba.

Da ka isa, ka ɗauki ɗan gari ya yi maka jagora, ku kuma yanke ladansa kafin a ɗaga ƙafa. A dutse, a hau da sanyin safiya a sauko kafin azahar, kada a zura hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse saboda kububuwa da kunama, kuma a yi nesa da amyar zuma da ke maƙale a tsagin dutse. Idan tsautsayi ya sa maciji ya yi sara, asibiti za a nufa kai tsaye, ba tsaga ba tsotsa. Zanen Birnin Kudu ba a taɓa shi da hannu, ba a watsa masa ruwa don hoto ya fito, balle a rubuta suna da gawayi a gefensa.

A ruwa kuma sai an ninka hattara. A Baturiya da kewayenta a nemi mai kwalekwale ta hannun sarkin ruwa ko mai gari, a fita da hantsi ko tun kafin fitowar rana lokacin da tsuntsaye ke kiwo, a bar shi ya zaɓi hanya, domin ciyawar kacala ta toshe magudanai da yawa kuma shi ya san inda ke ɓullewa. Kada ka shiga jirgin da aka cika fiye da kima don neman rangwame. Mutanen Kano ba su manta da hatsarin jirgin ruwan Bagwai na 2021 ba, wanda ya ci rayukan yara 'yan Islamiyya. In akwai rigar kariya a sa ta. Wanka a ruwan dam ko na fadama kuwa yana jawo tsargiya, don haka a yi haƙuri da shi komai zafi. A Wikki ana iyo, amma a can abokan hamayyarka gwaggon biri ne: suna zaune a gefe kamar ba ruwansu, kana ajiye ledar burodi ka juya baya, sai dai ka hango ta a kan bishiya. A rufe ƙofar ɗaki da taga, kada kuma a ci abinci a fili a gabansu.

Ranar komawa ka yi sallama da mai masauki da mai gari tun da dare, don ka kama motar asuba ba tare da ka fita kamar ɓarawo ba. Tsarabar gida a saye ta da abin da ya rage a kason ci da kwana, bayan an tabbatar kuɗin komawa suna nan a ledarsu. Da ka sauka, ka buga waya ka shaida wa mai masauki kun isa lafiya, ma'aji ya baje lissafi a gaban kowa a raba ragowar, kai kuma ka rubuta a littafinka abin da kowane zango ya ci, da ranar kasuwar garin, da lokacin da motar ƙarshe take tashi, da lambar mai babur ɗin da bai cuce ku ba. Idan zazzaɓi ya biyo baya a cikin makonni biyu, ko aka ga jini a fitsari bayan an taɓa ruwan fadama, a je asibiti a yi gwaji, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya inda aka je.